Yadda Ake Haɗa Tsohon Ɗan Jirgin Yaƙi Na Roba A Yanayin Bauchi

Kwalin ɗan jirgin roba da aka buga tsakanin shekarun 1950 da 1970 ba ya haɗuwa cikin daɗin rai. Na zamani sassansa suna shiga juna tsaf, ka sa gam ka wuce. Tsoho kuwa sai ka kankare nan, ka miƙar da can, ka toshe wani rami, kafin ma gam ya taɓa shi, kuma fiye da rabin aikin a wannan gyaran yake. Wanda ya taɓa yin motar kara ko ta gwangwani yana yaro, hannunsa ya riga ya san yawancin abin da ake bukata. Abin da ya rage shi ne sanin halin robar, da sanin abin da zafin Bauchi da ƙurar hunturu suke yi wa gam da fenti, domin takardar da ke cikin kwalin ba don garinmu aka rubuta ta ba.

Wane jirgi, wane kwali

Jiragen da ake nufi su ne na farkon zamanin injin jet. Jamus ta tashi Heinkel He 178 a watan Agustan 1939, sannan a 1944 Messerschmitt Me 262 nata da Gloster Meteor na Ingila suka shiga yaƙi. Bayansu aka sami Vampire mai jela biyu, da P-80 na Amurka, sai kuma F-86 Sabre da MiG-15 na Tarayyar Sobiyat, waɗanda su biyun suka fara tashi a 1947 suka kuma gwabza a yaƙin Koriya tsakanin 1950 da 1953.

In za a ji ta tawa, a fara da dangin MiG. Gangar jikinsa kamar bututu take, babu lanƙwasa mai wuya, sassansa kaɗan ne. Ga shi kuma yana da alaƙa da tarihinmu: rundunar sojan saman Najeriya da aka kafa a 1964 ta karɓi MiG-17 da MiG-15UTI mai kujera biyu a Kano cikin Agustan 1967, farkon yaƙin basasa, tare da L-29 Delfin daga Cekoslobakiya. Ka ga ke nan kana iya gama jirginka ka sa masa kore-fari-kore.

Ma'aunin da ya fi yawa a tsofaffin kwalaye shi ne 1/72, wato kowane inci ɗaya a madadin ƙafa shida. MiG-15 na gaske tsawonsa ya ɗan haura mita 10, saboda haka naka zai zo wajen santimita 14. A ma'aunin 1/48 zai kai 21, ya fi sauƙin riƙewa amma ya fi cin fenti da wurin ajiya. Wasu kwalayen Amurka na farko-farko ba su bin ma'auni ko ɗaya, an yi jirgin ne daidai girman kwalin. Waɗannan ba sa zama da kyau kusa da 'yan'uwansu a kanta.

Sunayen kamfanonin da za ka riƙa cin karo da su: Airfix da FROG da Matchbox na Ingila, Heller na Faransa, Revell da Monogram na Amurka, da KP na Cekoslobakiya. FROG ne ya fara yin jiragen roba a ma'aunin 1/72 tun 1936. Da ya rufe a 1976 aka kai yawancin mazubansa, wato ƙarafan da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar sassa, Tarayyar Sobiyat, aka ci gaba da buga su da sunan Novo. Siffar jirgin iri ɗaya ce, amma bugun baya-baya ya fi ƙazanta, don mazubin ya gaji. Matchbox, da ya shigo a 1973, robarsa kala biyu ko uku ce a kwali ɗaya, layukan jikinsa kuma masu zurfi ne ƙwarai. KP yana da L-29 da MiG-15UTI, duka sun dace da tambarin Najeriya. Amma ka lura, tsohon MiG-17 ɗinsa nau'in PF ne, mai kumburin na'urar hango jirage a hanci, ba shi ne irin wanda aka kawo mana ba.

Yawanci ta intanet ake yin odarsu, ko a sallahta wa ɗan'uwa mai dawowa daga waje. Kafin ka biya, ka nemi hoton cikin kwalin, ka tabbata murfin gilashin mazaunin matuƙi yana nan bai tsage ba. Duk wani sashe kana iya ƙera madadinsa, ban da wannan.

Kayan aiki

Abu ɗaya ne ya kamata ka haɗa da odar kwalin: gam na musamman na irin wannan roba, na Tamiya ko Revell ko Humbrol, kuma na ruwa-ruwa ya fi na cikin tub. Shi ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda. In da hali ka ƙara da ƙananan gwangwanayen fenti: azurfa, baƙi, fari, kore, da toka.

Sauran duk akwai su a gari. Abin yanke farce don cire sassa. Wuƙar tiyata daga kemis, ko yankan takarda daga shagunan kayan rubutu na wajen Yelwa, inda ɗaliban zanen gine-gine suke saye. Matsefata, tsinken sakace, robali, maƙalan shanya, sufa gulu, farin gam na kafintoci irin Top Bond, da burushi biyu masu laushi, ɗaya mai faɗi ɗaya mai tsini. Samfefa kuwa wurin masu sayar da kayan fentin mota za ka je, ba wurin kafinta ba. Ka ce, "Oga, ta ruwa nake so, lamba 600 da 1200 da 2000," sannan ka haɗa da farin salatif na takarda da ɗan foti mai laushi, irin wanda suke gama aiki da shi. In ya miƙo maka tina ya ce tana tsinka kowane fenti, ka yi godiya ka bar masa abarsa. Tinar mota tana cinye wannan roba nan take.

Ranar farko, babu gam

Zazzage sassan a faranti, ka gwada su da zanen da ke takardar ko wani ya ɓata. Sannan ka wanke su da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka goga da tsohon burushin haƙori, ka bari su bushe da kansu. Akwai maiƙon mazubi a jikinsu, ga dattin shekara hamsin, kuma fenti ba ya kama maiƙo.

Kada ka murɗe sashe daga reshen da ke riƙe da shi. Tsohuwar roba ta yi gautsi, murɗawa kan ɓalle da naman sashen. Ka yanke nesa kaɗan da abin yanke farce, ka ƙarasa da wuƙa, kana tura kaifin nesa da yatsanka.

Yanzu ɗauki rabin gangar jikin ka duba ta a haske. Za ka ga siririyar geza a gefe-gefe, inda roba ta tsiyayo tsakanin mazubi, kamar yadda ƙullun masa yake malalowa bakin tanda. Wannan kankarewa ake yi: ka tsayar da wuƙar a miƙe ka ja ta a kan gefen, ba yanka ba. Za ka ga 'yan da'irori a ciki, sawun ƙarfen da ya turo sashen daga mazubi; in suna wurin da ido zai gani, kamar cikin ƙofofin taya, a goge ko a cike. Za ka kuma ga 'yan loɓawa a waje, galibi daidai inda robar ta yi kauri ta ciki. Ka zagaye su da fensir don kada ka manta.

Sai gwajin haɗi. Haɗa rabi da rabi, ka ɗaure da salatif, ka soka fukafukai da jela. A tsofaffin kwalaye sau da yawa 'yan ƙusoshin da aka yi don su daidaita ɓangarorin su ne suke karkatar da su, ka ga gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu. Kada ka ji tausayinsu, yanke su. Shimfiɗa samfefa lamba 600 a kan gilashi ko tayil, ka goga bakin kowane rabi a kai sau kaɗan, a hankali, har su kwanta da juna babu haske a tsakani.

In fiffike ko ganga ta lanƙwashe saboda daɗewa, ruwan zafi ne maganinta. Ba tafasasshe ba, irin na filas wanda ya ɗan huce. Tsoma sashen na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, ka fito da shi ka miƙar da yatsu, ka riƙe shi a haka cikin ruwan sanyi. Gara ka maimaita sau da yawa da ka bar shi ya daɗe, don in ya yi laushi fiye da kima ya tafi ke nan. Wannan ma shi ya sa ba a barin kwali cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu.

Ciki, da nauyin hanci

Mazaunin matuƙi a tsohon kwali ba wani abin kirki ba ne: kujera, wani lokaci da ɗan mutum zaune. Ka yi masa fenti kafin ka rufe ganga. Na jiragen Ingila irin su Meteor da Vampire baƙi ne, na MiG toka mai ɗan shuɗi, na Me 262 toka mai duhu. Siraran salatif biyu da aka shafa wa ruwan ƙasa sun isa su zama bel ɗin kujera. Ni dai ba na wuce nan, domin gilashin waɗannan kwalaye yana da kauri, ba a ganin komai sosai ta cikinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci biyu ne. Na farko, MiG da Sabre ta hanci suke shaƙar iska, kuma tsohon kwali sau da yawa fanko ne daga hanci har jela, kana leƙawa ka hango haske ta ɗaya bakin. Yanki ɗan kati, ko guntun tsohon katin waya, ka shafa masa baƙi, ka toshe bayan mashaƙar, ka sa wani kafin mafitar hayaƙi.

Na biyu, nauyi. Waɗannan jirage taya uku gare su, ɗaya a hanci biyu a ƙarƙashin fukafukai. Na gaske inji da bindigogi da sauran kaya sun daidaita shi, amma na roba bayansa ya fi nauyi, kana ajiye shi sai ya zauna a kan jela hanci na kallon sama. Vampire ya fi kowa wannan hali. Ga yadda za ka auna: jirgin yana ɗaure da salatif, jela da komai a jiki, ka ɗora shi a kan fensir daidai inda manyan tayoyin za su tsaya. Ka riƙa ɗora nauyi a kan hancin har ya rinjaya gaba, sannan ka ƙara kaɗan. Boris na keke daga wurin mai gyara yana yi, ƙananan noti suna yi, dalmar masunta ta fi duka don ana iya buga ta ta shiga kowane lungu, sai dai a wanke hannu bayan an taɓa ta. A MiG wurin sa shi ne sama da mashaƙar iska da kuma gefen mazaunin matuƙi. Ka kafe shi da sufa gulu kaɗan, ka bari ya bushe sarai kafin ka rufe. Kada ka cika hancin da gam ɗin roba don riƙe nauyi. Zai ci robar ta ciki, bayan kwanaki ka ga hancin ya loɓa.

Haɗi da cikewa

Riƙe ɓangarorin biyu a haɗe, ka taɓa bakin burushin gam a kan layin, gam ɗin zai bi layin da kansa. Yi ɗan tsawon yatsa ɗaya, ka matse har siririn narkakken roba ya ɓullo, ka matsa gaba. Kada ka share abin da ya ɓullo, shi ne zai cike layin in ya bushe. A lokacin zafi gam na ruwa yana tashi cikin ƙiftawar ido, saboda haka a rufe kwalbar bayan kowace tsoma, a kashe fanka, amma a bar taga a buɗe saboda warin. Ɗaure da robali ka bar shi ya kwana.

Wajen fukafukai ka kalli jirgin ta gaba, ido ɗaya a rufe. Na MiG-15 da MiG-17 sun ɗan sunkuya ƙasa kaɗan, na Sabre sun ɗan ɗaga sama. Tsohon kwali ba zai nuna maka wannan ba, ramin a sake yake, kai za ka tsayar da su da 'yan kwalayen ashana har gam ya kama. 'Yan shingayen da ke kan fiffiken MiG, biyu a kowane gefe a MiG-15, uku a MiG-17, galibi sun yi kauri, in ka sirantar da su da samfefa jirgin yana canja kama.

Nan ne ake yin gardama. Tsofaffin kwalaye layukan jikinsu a tashe suke, ba a tone ba, kuma samfefa tana share su. Wasu sukan goge duka su sake tonawa da allura. Aiki ne na makonni, kuma in ka gama ka raba jirgin da kamanninsa na zamaninsa. Ni na fi son a bar su. Ka manna salatif hagu da dama na layin haɗi, ka bar tsakani kamar faɗin ashana biyu, ka yi foti da gugarka a nan kaɗai. Layin da ya ɗan yanke a tsakiya, ka ja wuƙa sau ɗaya a wurin, kaifin zai tayar da ɗan tudu wanda in fenti ya hau ba a bambancewa. Banda guda: gaban gangar Vampire na gaske da katako aka yi shi, saboda haka duk kan ƙusa da ka gani a nan ƙarya ce, goge ta.

Foti a shafa shi siriri, sau biyu ko uku, don na mota yana da ƙarfi, mai kauri yana taɓa roba. Babban rami kuwa a cusa guntun roba daga reshen a sa gam. A goge da ruwa, daga 600 zuwa 1200 zuwa 2000.

Gilashin matuƙi da farin gam na kafinta ake sa shi, ba da sufa gulu ba, wanda tururinsa ke mayar da gilashi fari fat. In ya dushe ko ya karce, man goge baki a kan tsumma mai laushi yana dawo da shi. Rufe shi da salatif, ka yanke wurin firam da sabuwar wuƙa.

Fenti da yanayin gari

Kalar azurfa ba ta rufa asiri. Duk karcen da ka bari sai ta nuna shi. Don haka ka fara da shimfiɗar toka siririya, ka duba a hasken rana, ka gyara abin da ya fito, ka sake. In fentin gwangwani na feshi za ka yi amfani da shi, gwada shi tukuna a kan reshen da ka yanke sassa, domin wasu suna ƙona roba ta yi yamutse. Ka fesa daga nesa kamar taƙi ɗaya da rabi, hannu na tafiya, shafa uku marasa kauri maimakon ɗaya mai nauyi.

In burushi ne, ka motsa fentin sosai har ƙasan gwangwanin, ka tsinka shi, ka ja burushin hanya ɗaya daga gaba zuwa baya, kada ka koma kan wurin da ka wuce. Shafar farko za ta yi muni, haka take. Fentin mai irin na Humbrol ya fi jure zafinmu don yana jinkirin bushewa ya kwanta, amma sai an ba shi kwana guda tsakanin shafa da shafa. Kananzir yana wanke burushinsa. Fentin ruwa kuwa a watan Maris da Afrilu kan bushe a bakin burushi kafin ya isa jikin jirgi, sai dai a yi da sassafe bayan asuba.

Hunturu shi ne babban abokin gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ɗaki ko an rufe ko'ina. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka tanadi babbar roba mai tsabta, kana ajiye burushi ka kifa ta a kan jirgin. Damina ta fi daɗin fenti, sai dai kada a yi feshi ana tsaka da ruwa ko hadari ya haɗo, laima tana sa fentin ya yi hazo.

Ba duk azurfa ce iri ɗaya ba. Sabre ƙarfe ne tsirara, faranti-faranti masu ɗan bambancin haske, kana iya rufe wasu da salatif ka shafa azurfar da aka ɗiga wa baƙi. A Koriya an yi musu ɗamara rawaya mai baƙin gefe a ganga da fukafukai. Meteor da Vampire kuwa fentin azurfa aka yi musu, kala ɗaya sumul, wanda ya sa suka fi sauƙi ga mai burushi.

Sitika

Sitikar waɗannan kwalaye ta ruwa ce, kuma ita ce ta fi jin tsufa. In takardar ta yi rawaya, sa ta a farar leda ka manna a gilashin taga tana kallon rana. Ranar Bauchi tana fitar da rawayar cikin 'yan kwanaki. Sannan ka yanko wata da ba ka bukata ka tsoma a ruwa. In ta wargaje, sauran ma haka za su yi, sai ka shafa wa takardar duka banish mai sheƙi siriri, ya kwana, ka riƙa yanke kowace sitika dab da bakinta.

Sitika tana son wuri mai santsi. A kan fenti maras sheƙi iska kan maƙale ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ka ajiye a kan tsumma har ta fara zamewa, ka tura ta kan jirgin da jiƙaƙƙen burushi, ka danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. In gam ɗinta ya mutu, ɗigon farin gam da aka tsinka da ruwa a ƙarƙashinta ya wadatar.

Tambarin Najeriya da wuya ka same shi a tsohon kwali, amma yinsa ba wuya: da'ira kore, fara a ciki, kore a tsakiya. Masu ɗinkin takalma da jaka suna da ƙarafan huda fata girma daban-daban, ka je da salatif ɗinka a manne a kan kati su huda maka girma uku. Ramin babba shi za ka manna a jiki ka shafa fari. In ya bushe ka ɗora matsakaiciyar da'ira a tsakiya, wadda aka huda cikinta da ƙaramin ƙarfen, ka shafa kore a kai duka. Kana ɓare salatif tambari ya fito. Harufan NAF, wato taƙaitaccen sunan rundunar sojan saman Najeriya, da lambar jirgin kuwa ka duba tsofaffin hotuna ka kwaikwayi guda ɗaya takamaimai, don ba duka ne aka yi musu fenti iri ɗaya ba.

Tayoyi, ƙofofinsu, da bindigogi su ne na ƙarshe, don in ka sa su da wuri sai sun karye. MiG-15 da MiG-17 bindiga uku gare su a ƙarƙashin hanci, ɗaya mai milimita 37 a dama, biyu masu 23 a hagu. In na kwalin sun yi kauri, guntun allurar asibiti ya fi su kyau. Eriya kuma ka kara guntun reshe a saman kyandir har ya yi laushi, ka janye shi daga wutar ka ja a hankali, zai miƙe ya zama zare, ka yanki tsawon da kake so. Ka kankare fenti daga duk inda gam zai taɓa, ka bar jirgin a kife ya kwana kafin ka tsayar da shi a kan ƙafafunsa.

Wurin ajiya ya zama mai murfi, nesa da taga da hannun yara, don ƙananan sassan abin haɗiyewa ne. Masu aikin gilashi da alminiyam za su yanka maka ɗan akwati in ka ba su awo. Na santimita 20 kowane gefe ya ishi MiG ko Sabre a ma'aunin 1/72. In ƙura ta hau, busasshen burushi mai laushi za ka sa, ba jiƙaƙƙen tsumma ba, don ruwa yana tayar da tsohuwar sitika.